Shagon Wasannin da Na Buɗe Sau Biyu

Ina ɗan shekara tara na karye a cinya, aka ɗaure ni na yi wata huɗu ban taka ƙasa ba, kuma a cikin waɗannan watanni ne mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya shigo mini da allon ludo da wani tsohon akwatin Scrabble wanda haruffa uku suka ɓace daga cikinsa, har sai da ya yanka kwali ya rubuta su da biro ya cike gurbinsu. Kullum idan ya dawo daga aiki, tun kafin ya huta, yakan jawo ƙaramin tebur ya ajiye a gefen gadona, ya ce, "To ɗana, yau wa zai ci wani?" Bai taɓa bari na ci shi don tausayi ba, kuma ranar da na ci shi da gumina na ga wani farin ciki a fuskarsa wanda har gobe ba zan manta ba. Tun daga lokacin na yi imani cewa abubuwa kaɗan ne ke haɗa zukatan mutane kamar su kewaye tebur ɗaya suna bin ƙa'ida ɗaya. Har yau ban janye wannan ra'ayi ba, sai dai kusan shekara talatin bayan haka na gano, ta hanya mai ciwo, cewa ingancin ra'ayi ba ya biyan kuɗin haya.

A shekarata ta ƙarshe a jami'a wani abokin karatu ya dawo daga tafiya da wasan Catan, wanda Bajamushen nan Klaus Teuber ya fitar a 1995. Ban taɓa ganin irinsa ba: tsibiri ne da ake harhaɗawa da ƙananan alluna masu kusurwa shida, kowa yana tara itace da tubali da alkama da ulu da ma'adini, yana musaya da abokin hamayyarsa don ya gina hanya da ƙauye, wanda ya fara kai maki goma shi ne ya ci. Muka kwana muna yi. Bayan na kama aiki, duk abin da na rage daga albashi a nan yake ƙarewa. Na sayi Carcassonne na 2000, da Ticket to Ride na 2004, na shiga Dungeons & Dragons wanda ake bugawa da labari da ƙwaya mai fuska ashirin tun 1974, daga baya kuma na koyi haɗa 'yan mutum-mutumin Warhammer da yi musu fenti da burushi siriri kamar tsinke. Falona ya zama matattarar abokai duk ƙarshen mako, kuma kusan babu zaman da za a tashi ba tare da wani ya ce mini, "Kai fa shago ya kamata ka buɗe," ba.

A 2016 kamfanin da na yi wa aiki shekara goma sha ɗaya ya rage ma'aikata, ina cikin waɗanda abin ya shafa. Aka ba ni kuɗin sallama masu ɗan kauri, irin kuɗin da ban taɓa gani a asusuna a dunƙule ba, sai na ɗauka cewa wannan ce damar da nake jira. Da na kawo maganar a gida, matata ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Abban yara, a cikin abokan nan naka masu ba ka shawara, mutum nawa ne ya taɓa sayen wasa da kuɗinsa? Ai duk naka suke bugawa." Na ji zafin maganar, na ce mata ba ta san harkar ba. Ita kuwa ta faɗi a jimla biyu abin da ni sai da na kashe shekara uku da dukan jarina kafin na fahimta. Wani abin da ya fi ba ni kunya daga baya shi ne na san tarihin Teuber sarai: mai haɗa haƙoran roba ne, da dare yake ƙirƙirar wasanninsa, ya ci kyautar Spiel des Jahres, wadda ita ce mafi girma a wannan fanni, har sau uku kafin Catan, amma bai saki sana'arsa ba sai a 1998, bayan ya ga kasuwa ta tabbata. Ni da ban ci kyautar komai ba, ban ma tsaya neman wani aikin da zan jingina da shi ba.

Kuskurena na farko gini ne. Na kama babban shago a bakin titi mai cunkoso, domin ina son wurin da zai ɗauki manyan tebura takwas, na sa hannu a yarjejeniyar haya ta shekara biyar ba tare da na kai wa lauya ya duba ba. A cikinta akwai sharaɗin cewa ko kasuwancin ya durƙushe, ni da kaina zan ci gaba da biya daga aljihuna, kuma na karanta wannan layi da idona, amma mai ɗokin buɗe shago ba ya karanta takarda da tunanin ranar rufewa. Na kashe kuɗi wajen kantoci na katako mai kyau da fitilu da kujeru, sannan na zuba kusan kashi biyu cikin uku na abin da ya rage a sarin kaya. Ranar da na buɗe ƙofa, a farkon 2017, abin da ke ajiye a banki bai wuce hayar wata biyu ba.

Ya kamata in yi bayanin yadda ribar wannan sana'a take, domin a nan ne yawancin masu sha'awa irina suke ruɗuwa. Shagon wasanni ba ya saye kai tsaye daga yawancin masu buga wasannin. Daga hannun dillalan sari yake ɗauka, kuma abin da yake biya yakan kasance rabin farashin da za a sayar ko sama da haka kaɗan. Mai kallo daga waje zai ce wannan riba ce mai tsoka. Amma daga cikin wannan rata ne za a fitar da haya da wuta da albashi da haraji da inshora da kuɗin dako, da asarar abin da aka sace ko ya lalace, kuma ratar ba ta zama kuɗi sai ranar da kwalin ya bar kanta. Idan ka sari abu a kan sittin za ka sayar ɗari, sannan ka rage wa aboki goma don kunya, to kashi ɗaya cikin huɗu na ribarka ka ba shi kyauta. Ni kuwa kusan duk wanda ya shigo abokina ne ko abokin abokina, kuma ban iya kallon idon mutum in faɗa masa cikakken farashi ba.

Ranar buɗewa shagon ya cika har waje, na koma gida ina jin kamar na gama da talauci. Watanni uku bayan haka na fara lura da wani abu. Teburan a cike suke kullum, amma aljihun tebur ɗin kuɗi ba ya nauyi. Mutum goma sha biyar ne, kusan su ɗin dai, suke zuwa daga la'asar har rufewa, su ɗauki wasannin da na buɗe don gwaji su buga, wani ya sayi abin sha guda ɗaya ya zauna da shi awa biyar. Ban sa kuɗin zama ba, domin a raina falona ne na faɗaɗa, kuma ba a karɓar kuɗi a hannun baƙo. Ni ma ina cikinsu, ina tsakiyar wasa mai saye zai shigo, in ɗaga masa hannu in ce ya ɗan jira in gama zagayena.

Akwai wata rana da har yanzu nake ganinta kamar yanzu ake yi. Wata mata ta shigo riƙe da hannun ɗanta wanda bai fi shekara goma ba, yaron yana ta leƙen kwalayen da ke kanta. A daidai lokacin gardama ta kaure a teburin tsakiya a kan wata ƙa'ida, muryoyi suka tashi, wani ya saki wata kalma da bai kamata yaro ya ji ba, sannan duk teburin ya juyo yana kallonta kamar ta faɗo ɗakin da ba nata ba. Ta tsaya a bakin kanta ta farko, ta ɗauki wani kwali ta juya bayansa, ta rasa wanda za ta tambaya, domin ni ina zaune da kati a hannu. Kafin in miƙe ta mayar da kwalin daidai inda ta ɗauke shi, ta ce wa yaron, "Zo mu je," suka fita. Ba wanda ya lura sai ni, kuma ni ma na koma na ƙarasa wasana. Sai bayan shekaru na fahimci cewa irin wannan mata, wadda ba ta san komai game da wasannin ba amma ta zo da kuɗi da niyyar saye, ita ce ke riƙe shago, kuma na kori ire-irenta da yawa ba tare da na buɗe baki ba.

Sai kuma matsalar kantunan intanet. Wani mutum ya taɓa zuwa na shafe kusan minti arba'in ina koya masa wani wasa, na buɗe masa kwali, na nuna masa yadda ake jera komai, ya ji daɗi ƙwarai, sannan a gabana ya ciro waya ya ɗauki hoton kwalin, ya duba, ya ce ya samu da rahusa a intanet, ya yi godiya ya tafi. A lokacin na ji kamar an mare ni, na kuma yanke shawarar da ta ƙara nutsar da ni, wato in karya farashina ya yi daidai da nasu. Ƙaramin shago ba zai taɓa cin wannan tsere ba, domin su suna saye da dubbai kuma ba sa biyan hayar wurin da mutane za su zauna. Abin da nake da shi wanda ba su da shi shi ne tebur da ilimi da jama'a, kuma su ne nake bayarwa kyauta.

Mafi munin ciwon dai a kan kantoci yake. Ina sarin kaya ne da ɗanɗanona, kuma ɗanɗanona na mutumin da ya shekara goma sha biyar a harkar ne, mai son wasanni masu nauyi da ke cin awa huɗu. Ga kuma yawan sababbin wasanni: a baje kolin da ake yi a Essen ta Jamus duk watan Oktoba kaɗai, sababbin da ake nunawa sun haura dubu a shekara, kuma yawancinsu tashensu bai wuce 'yan makonni ba. Tun da aka kafa Kickstarter, wani dandalin tara kuɗi na intanet, a 2009, masu ƙirƙira da dama suna tara kuɗi kai tsaye daga masoyansu, saboda haka kafin irin wannan wasa ya iso kanta, waɗanda suka fi ɗokinsa sun riga sun karɓi nasu a gida. Ban yi la'akari da wannan ba, na riƙa odar su da yawa don na ga ana ta zancensu. Na kuma zuba kuɗi a wani sabon wasan kati da ake cewa zai ture tsofaffin, bai cika shekara biyu ba aka daina buga shi, ya bar ni da kwalaye da ko kyauta ba mai so. Duk wannan hajar ta yi kwantai, kuma idan dillali ya kira cewa ga kayan da ake rububi sun iso, ba ni da kuɗin ɗauka, domin kuɗina suna kwance a kanta suna shan ƙura.

A farkon 2019 matata ta ce ba za ta ƙara jin "kasuwa ce sai a hankali" ba, sai ta ga lissafi. Muka rufe shago da dare, ta zauna da kalkuleta da littafi, ni ina karanto mata abin da ke kan kowace kanta. Da muka zo kanta ta sama, na sauko da wani wasan yaƙi wanda nake ƙauna fiye da kowane, na ce guda goma sha biyu ne. Ta tambaye ni nawa na saro, na ce goma sha huɗu. Ta ce su waye suka sayi biyun, na yi shiru, domin ɗaya daga ciki ni ne. Ta sa yatsa ta ja layi a kan ƙurar da ke saman kwalin, ta dubi yatsan, ta rubuta lambar ba ta ce komai ba. Wannan shirun ya fi mini zagi ciwo. Lissafin daren ya nuna cewa fiye da rabin kayan shagon sun haura shekara ba a taɓa su ba, kuma tun da na buɗe ban biya kaina albashi ko na wata ɗaya ba. Albashinta ne ke ciyar da gidan.

Abin da ban faɗa mata ba a daren shi ne na riga na karɓi rance a hannun yayana don in biya hayar wata uku. Da na je wurinsa bai yi mini dogon bincike ba, ya ce, "Ƙanena, zan ba ka, amma ka tabbata rami kake cikewa ba zurfafa shi kake yi ba." Na ce masa cikewa nake yi. Na koma na sake karɓa sau biyu. Barci ya ƙaurace mini, nakan farka ƙarfe uku na dare ina ƙirga kwanakin da suka rage kafin haya, ciwon kai ya zama abokin zama, har likita ya tabbatar mini da hawan jini. Duk da haka da safe nakan buɗe shago da murmushi, domin jama'ar tebur sun san ni da raha, kuma ina jin kunyar su san cewa mai shagon da suke yabo ba ya iya sayen takalmin makarantar 'ya'yansa.

A ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya, ba da jimawa ba dokar kulle ta biyo baya. Sana'ar da gaba ɗayanta ta dogara ga mutane su zauna kusa da juna suna taɓa kati ɗaya ta tsaya cik, har babban baje kolin Essen na shekarar a intanet aka yi shi. Abin takaicin shi ne a daidai lokacin ne mutane suka fi neman wasannin gida, domin iyalai suna kulle ba abin yi. Shagunan da ke da shafin sayarwa da jerin lambobin abokan ciniki sun ci gaba da kai kaya gida-gida. Ni ba ni da ko ɗaya; shekara uku mutane suna shiga suna fita ban taɓa rubuta lambar kowa ba. 'Yan kiran da na samu kusan duk abu ɗaya suke tambaya, wato wasan Pandemic na 2008, wanda 'yan wasa ke haɗa kai su yaƙi cututtuka, da wasanni masu sauƙi na yara. Ba ni da su, domin na raina su, ina ganin kowa yana da su. Ba zan ɗora wa annoba laifin faɗuwata ba, ta dai tarar da bango ya riga ya tsage.

A watan Satumba na shekarar na yi gwanjon rufewa. Na ga fuskokin da suka shekara uku a teburana ba su sayi komai ba sun zo da jakunkuna suna kwasar kaya a rabin farashi, suna yi mini jaje da gaskiyar zuciyarsu, kuma ban iya jin haushinsu ba, domin ni na koya musu cewa wurin kyauta ne. Mai ginin ya yarda muka sasanta bayan doguwar magana, na bar masa kantoci da fitilu da kuɗin ajiya, na kuma ɗauki alkawarin biyan wani kaso a hankali. Na hau tsani da kaina na kwance allon sunan shagon, kusoshi shida, na ƙarshen ya yi tsatsa ya ƙi fita sai da na fizge shi. A daren ne na gaya wa matata maganar bashin yayana. Ta yi kuka, kuma ta ce ba kuɗin ne suka sa ta kuka ba, shekara biyun da na yi ina kwana kusa da ita da wannan nauyi ban faɗa ba ne.

Na yi wata biyar ba na son fita, ba na ɗaga wayar abokai, ko kallon kwalayen wasa ba na son yi. Abin da ya fitar da ni shi ne buƙata, domin bashi ba ya jiran mutum ya warke. Na samu aiki a wurin wani dattijo mai shagon kayan rubutu da littattafan makaranta, wanda ya fi shekara talatin a sana'ar, kuma a wurinsa na yi karatun da ya kamata in yi tun farko. Duk kayan da suka shigo, sai ya sa na rubuta ranar shigowarsu da fensir a ƙasan kwalin. Duk ƙarshen wata mu zagaya, abin da ya haura wata uku ya sauko da shi ya karya farashinsa ko da babu riba. Na ce masa, "Baba, ai wannan asara ce." Ya ce, "Ɗana, kayan da suka wata uku a kanta ɗan haya ne da ba ya biya. Ka sallame shi ka sa wanda zai biya." Ya nuna mini cewa abin da ribarsa ƙarama ce amma yana juyawa sau takwas a shekara ya fi mai riba babba da ke juyawa sau ɗaya, kuma bai taɓa rufe shago ba tare da ya rubuta cinikin ranar ba, ko da biro ɗaya ya sayar.

Ban yi niyyar komawa ba, amma tsofaffin abokan ciniki suka riƙa tambaya, sai a ƙarshen 2021 na fara kama wani ɗan zaure na awa shida duk Asabar, ba tare da na bar aikina ba. Kowa ya biya kuɗin zama, kowa ya rubuta lambarsa, wanda yake son wasa ya ba da kafin alƙalami in yi masa oda. Shekarar ta zo da tsadar dakon jiragen ruwa, kuma da yake yawancin wasannin a China ake ƙera su, kaya suna jinkiri ƙwarai, wanda hakan ya ƙara koya mini kada in yi alkawarin ranar da ba a hannuna take ba. Na yi wata goma sha huɗu a haka, sai da littafin ya nuna mini mutum nawa ne ke zuwa da kuɗinsu, kuma me suke saye, sannan na nemi shago.

Wanda nake ciki yanzu bai kai kashi ɗaya cikin uku na tsohon ba, yana cikin lungu, tebura huɗu ne kawai, yarjejeniyar shekara ɗaya ce da ake sabuntawa, kuma lauya ya karanta kowane layi. Masu wannan sha'awa suna neman shago su same shi ko a ina yake, saboda haka tsadar bakin titi ba ta da amfani a gare ni. Ban buɗe ba sai da na ajiye kuɗin gudanarwa na wata shida a asusun da ba na taɓawa, na kuma yanka wa kaina albashi, ƙarami amma tabbatacce. Abin da ke biyan haya a yau ba abin da na fi so ba ne. Wasannin kati ne, musamman Magic: The Gathering wanda Richard Garfield ya ƙirƙira a 1993, da Pokémon wanda ya fito a Japan a 1996, domin masu yin su suna dawowa duk mako, ana fitar da sababbin jeri a kai a kai, kuma shagon da ya yi rajista da kamfanonin yana samun damar shirya gasa, irin ta daren Juma'a da ta kafin fitowar sabon jeri. Ina sayen katuna ɗaiɗai daga hannun 'yan wasa in sayar, ribarsu ta fi ta ƙunshin da ba a buɗe ba, amma ba na tara masu tsada, domin ranar da aka sake buga kati darajarsa tana iya faɗuwa cikin dare ɗaya. Sai ƙananan kaya da a da nake raina su, fenti da gam da burushi da ledar kare kati, waɗanda suke ƙarewa a dawo a sake saye. Wasannin allo kuwa, sanannun da ba sa tsufa nake ajiyewa, bibbiyu ko uku-uku, sabo kuma guda ɗaya sai na ga ya tafi.

Kuɗin zama yana nan, amma ana cire shi daga abin da mutum ya saya a ranar, kuma ban rasa kowa ba saboda shi sai waɗanda dama ba su da niyyar saye. Na rubuta ƙa'idojin zama na manna a bango, ciki har da haramcin sa kuɗi a kan wasa, domin iyaye da yawa abin da suke fara tambaya shi ne ko wannan ba caca ba ce, kuma suna da haƙƙin tambaya, tunda ƙunshin kati ba a sanin abin da ke ciki sai an buɗe. Shi ya sa na iyakance yawan da nake sayar wa yaro idan ba tare da babba yake ba. Yanke shawara mafi wuya ita ce ranar da na hana wani tsohon abokina shiga, mutumin da muka fara wasa tare tun a falona, saboda ya ƙi daina yi wa sababbin 'yan wasa ba'a. Har yau ba ya gaishe ni, kuma abin yana damuna. Ba na zama a tebur a lokacin aiki. Idan ƙofa ta buɗe, ko me nake yi nakan miƙe, in tambayi mai shigowa su nawa ne a gida, shekarun yaran nawa, kuma minti nawa za su iya zama.

Na biya mai tsohon ginin, na biya yayana kashi biyu cikin uku, kuma har yanzu ina shan maganin hawan jini. Akwai watannin da bayan an cire komai abin da ke saura bai taka kara ya karya ba. A watan jiya wani matashi ya shigo, ya ce an sallame shi daga aiki da 'yan kuɗi, kuma abokansa duk sun ce shago ya kamata ya buɗe. Na ciro littafin lissafin da matata ta rubuta a daren nan na 2019 na ba shi ya karanta a tsaye, sannan na ce idan da gaske yake, ya zo duk Asabar har wata uku ya yi aiki tare da ni, ya share ƙasa, ya jera kujeru, ya tsaya a bakin kanta ba tare da ya taɓa kati ba. Ya zo sau huɗu, ranar ta biyu ya yi ta satar kallon teburin gasa kamar zai yi kuka. Asabar mai zuwa ce ta biyar, kuma na ce masa ya zo da fensir, domin ranar duba ƙasan kwalaye ce.